Baturen Da Ya Zo Auna Shekarun Tudunmu

Tsufa ya kwashe mini haƙora da sunayen rabin jikokina, amma bai isa ya kwashe mini ranar da Bature ya hau tudunmu ba.

A fadamar Auyo muke. Tudun nan shi kaɗai kogi ba ya ci, saboda haka duk wanda ya rasu da damina can ake kai shi a jirgi. 'Yata ta fari tana gefen gabas. Ni maginiya ce, da hannuna na gina tukunyar da aka fasa aka rufe ta da ita.

Rani biyu bayan nan sai ga Bature daga Haɗeja da tafinta da leburori. Wai akwai kabarin sarkin mutanen zamanin da a cikin tudun, yana so ya san shekarunsa. Dagacinmu ya ce, "To madalla." Shi ko gobara aka gaya masa haka yake cewa. Suka kafa diga a gabas. Maza suka tsaya suna kallon ƙafafunsu.

Ba su yi kamu biyu ba suka ciro tsingaro. Bature ya hure shi, ya jujjuya, ya yi magana. Tafinta ya ce, "Zaki ya ce wannan ya yi shekara dubu."

Na ce, "Ashe na daɗe."

Tafinta ya ce, "Ke baiwar Allah, ki iya bakinki!"

"Malam, aikinka faɗa ne, ba tacewa ba. Faɗa masa."

Na karɓi tsingaron, na sa babban yatsana a gurbin yatsa da ke jikinsa. Ya zauna daram. Kunnuwan Bature suka yi ja kamar tattasai. Saura kamu ɗaya diga ta taɓa likkafanin 'yata. Ban yi kuka ba. Na ga masu kuka a gaban hukuma, ban ga abin da suka koma gida da shi ba.

Na ce, "Idan tsofaffi yake so, ya biyo ni."

Na kai shi arewa, inda ruwa ya zaftare gaɓa. Can muke tsintar tsingaron da ba mu san maginansa ba, mu daka mu gauraya da yumɓu. Yana ganinsu jere hawa-hawa ya durƙusa a taɓo kamar mai neman gafara. Ya tambayi wa ya gina su. Na ce kakata ta tambayi tata kakar, ita ma haka ta tarar. Ya rubuta. Har yau ban san me ya samu a ciki na rubutawa ba.

Sai da ya gama tonon arewa ya tafi, bai sake waiwayar gabas ba. Da yamma ni da maigidana muka mayar da ƙasa a ramin gabas.

Abin da na koya ke nan: mai iko idan ya ɗauko diga, ba a ce masa ya ajiye. Wuri ake nuna masa.