Faifan da Ya Tafi Korar Tsuntsu a Toranke

In na manta da komai na aikin nan, to ban da wata Asabar ta ƙarshen damina da na yi gyaran kwamfuta a gindin tsamiya, tsakiyar gonar gero. Ku da kuka kama aiki kwanan nan gani kuke a ofis muka tsufa, fanka tana kaɗa mu. To ku gyara zama.

Lokacin ina mataimakin jami'in kwamfuta a ofishinmu na shiyya da ke Gaya, ina mataki na shida. Aikina shi ne duk makarantar da na'urarta ta yi gardama, daga Gaya har Ajingi, in hau babur in je in lallashe ta. A ƙa'ida makaranta ce za ta rubuto takarda, shugaban sashe ya sa hannu, sannan a tura ni. Wannan karon ba takarda ba dalilinta. Ranar Juma'a da yamma shugaban sashenmu, Alhaji Ɗanlami, ya kira ni a waya ya ce gobe da sassafe in wuce Toranke, wata Islamiyyar matan aure tana da saukar Alƙur'ani ranar Lahadi, kwamfutarsu ta ƙi rubuta Larabci. Na ce, "Ranka ya daɗe, gobe fa Asabar ce." Ya ce, "Na sani, Sabi'u, ni ma ina da kalanda." Ya kashe wayarsa. Haka na tafi ina ƙunƙuni, don na riga na yi wa gonata alkawarin ranar.

Shugaban makarantar, Malam Habibu, ya tarbe ni a bakin ƙofa. Mutum ne mai natsuwa, wanda ko tari zai yi sai ya yi shi a hankali. Ya kai ni ofis ya yaye wani zane, sai ga kwamfutar. Tsohuwa ce tukuf, mai allon nan mai ƙatuwar ƙeya, tsarin da ke kanta kuma shi ne na da ɗin nan da in ka kunna za ka ga koren tudu da shuɗin sama. Ya ce shekara da shekaru da ita suke buga shahadar sauka. Watanni uku da suka wuce ta riƙa nauyi, sai wani surukinsa da ya zo daga birni ya yi mata fomatin, wato ya share komai ya sake zuba tsarin. Zanen shahadar yana nan, don ya kwafe shi kafin ya share, kuma jikinta da ayoyinta hoto ne. Sunayen ɗalibai ne kawai ake bugawa, su ne kuma suka lalace. Na buɗe na gani da idona: kowane baƙi ya ware yana tsaye shi kaɗai kamar masu gaba, kuma sun juya sun kama hanya daga hagu zuwa dama.

Nan take na gane ciwon. Waɗannan tsofaffin tsare-tsaren ba sa zuwa da Larabci a kunne. Sai ka shiga wajen saitin yanki da harshe, ka sa alama a wani ɗan akwati na harsunan da ake rubutawa daga dama. Aikin minti biyar ne. Har na fara murmushin zan koma gonata kafin hantsi. Ina sa alamar sai ta ce in saka mata faifan CD ɗin da aka zuba ta da shi, don a cikinsa kayan suke. Nawa kuwa na daɗe da jefar da shi, tun lokacin da ofis ya koma sabon tsari. Malam kuma ya riga ya kai zanen shahadar shagunan Gaya, sababbin kwamfutoci sun ƙi buɗe shi.

Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, abin mai sauƙi ne. Mu buga sunayen da boko kawai."

Ashe akwai kunne a bakin ƙofa. Wata dattijuwa da ke tsintar shinkafar walima ta ajiye tirenta ta leƙo.

"Ɗan nan, me na ji ka ce? Boko?"

Na ce, "I, Iya, ai duk suna ne."

"Duk suna ne a wurinka. Shekara goma sha ɗaya ina zuwa makarantar nan, har jikata ta tarar da ni a aji. Katin asibiti karanta mini ake yi, katin zaɓe karanta mini ake yi. Wannan takarda ɗaya da na sha wahalarta, ita ma sai na nemi mai karanta mini? In haka ne ku riƙe abarku."

Ta koma kan shinkafarta. Malam ya rage murya ya ce Iya Hansai ke nan, ita ce babba a cikin mata ashirin da uku da za su sauke, kuma in ta ce ba ta karɓa, ko limamin gari ya zo ba za ta karɓa ba. Wallahi kunya ta kama ni, na ji kamar in shige cikin akwatin kwamfutar.

Muka kira surukin a waya. Ya ce ai faifan yana cikin baƙar leda tare da sauran faya-fayai, a saman kabad. Muka duba saman kabad, babu leda sai ƙura. Can sai Malam ya dafe kai ya ce, "Innalillahi!" Ashe maigadin makarantar, Baba Ilu, ya taɓa ɗauko ledar ya tambaye shi ko abin ciki yana da amfani, shi kuma ya ce tarkace ne. Na ce to ina ya kai su? Malam ya ce, "Gona." Na ce me faifai zai yi a gona? Ya ce in taso in goya shi in ga ikon Allah.

Tun daga nesa na hango gonar tana walƙiya kamar an yi mata kwalliyar biki. Baba Ilu ya ja igiyoyi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya rataye faya-fayan ɗaya bayan ɗaya, iska tana juya su, hasken yana firgita tsuntsayen jan-baki da suka addabi geronsa. Dariya ta kama ni har babur ya nemi kayar da mu. Allah Ya so ta ramin tsakiya ya zura igiya, bai huda ko ɗaya ba. Sai dai rana da ruwan sama sun cinye rubutun da ke bayansu, duk sun zama iri ɗaya, kuma sun haura talatin.

Malam ya yi masa bayani cikin lalama. Baba Ilu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, kai ka ce tarkace ne, gaban shaidu. Geron nan mako biyu ya rage masa. In na kwance su duka, kafin ku dawo ƙaiƙayi zan tarar." Aka yi magiya, ko gezau. Da ƙyar ya yarda a riƙa cire ɗaya, a gwada, a mayar, sannan a cire wani. Na lissafa zuwa da dawowa tsakanin gona da makaranta sau talatin, na ce ai sai a yi saukar a watse ban gama ba. Baba Ilu ya ce, cikin zolaya, "To ku kawo injin nan mana, ko shi ma kulle ake yi masa?"

Ni dariya na yi. Malam Habibu kuwa bai yi ba. Ya ce, "Akwai amalanke a gidan ƙanena."

Kai, jama'a! Da ma kun ga tafiyar nan. Shanu biyu a gaba, ƙaramin janareto da tebur a baya, ni a zaune na rungume allon kamar mai jego, Malam ya naɗe babbar riga yana riƙe da akwatin kwamfutar yana ta salati duk inda muka faɗa rami. Matan da ke aikin walima suka fito suna guɗa, masu wucewa suna tambaya ko amarya ake kaiwa. A bayanmu kuma ga Iya Hansai da lemarta, ta ce ƙafarta ƙafarmu, ba ta yarda da ni ba.

Muka kafa ofis a gindin tsamiya. Na ja janareto, ya tashi, koren tudu ya bayyana. Hasken rana ya hana ni ganin allon, sai Iya ta buɗe lemarta ta yi masa inuwa, ni kuwa ta bar ni a rana. Baba Ilu ya kwanto na farko ya miƙo mini. Wa'azi ne, Malam ya gyaɗa kai. Na biyu da na uku sun mutu murus. Na biyar ina sakawa sai kiɗan kalangu ya ɓarke a sifika, ga bidiyon wani biki, ga wani dattijo ya karkace hula yana juyi a tsakiyar fili, yana tiƙar rawa kamar ba gobe. Iya ta sunkuyo ta ƙura ido.

"Ilu, wannan ba kai ba ne?"

"Ni? Allah Ya kiyaye! Kama ce."

"Kama har da hular da ke kanka yanzu?"

Malam Habibu ya juya baya yana kallon gabas, kafaɗunsa suna rawa. Ni kam na zame daga kan kujera, hawaye har cikin baki. Baba Ilu ya fizge faifan ya cusa a aljihu, ya ce wannan ya gama aikin gona.

Can kuma ya lura tunda janareto ya fara ƙara ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba. Nan ya sassauta, ya riƙa kawo uku-uku, har yana tambayar Malam ko za a bar masa janareton zuwa girbi.

A na goma sha tara haƙa ta cimma ruwa. Ina sakawa ta karɓa, ta fara kwasar kayanta, ɗan layin nan mai nuna inda aikin ya kai yana tafiya a hankali. Na miƙe na yi kabbara. Ban rufe baki ba ya tsaya cak, ta ce ta kasa karanta wani fayil. Ga kuma hadari ya fara haɗowa daga gabas, mu da na'ura a fili. Na ciro faifan na duba, kashin tsuntsu ne ya bushe a fuskarsa. Na wanke shi da ruwan butar Malam, na nemi ƙyalle mai laushi na rasa. Malam ya warware jelar rawaninsa ya miƙo mini. In za ku goge faifai, daga tsakiya ake ja zuwa baki, ba a zagayawa. Na mayar, ta ƙi. Na sake gogewa, ta ƙi. Iya ta ce, "Ɗan nan, ka yi bisimilla kuwa?" Gaskiya ban yi ba. Na yi, na hura masa iska, na sake gogewa, na tura. Layin ya motsa, ya tafi har ƙarshe.

Na kashe ta na sake kunnawa kamar yadda tsarin ya buƙata, na ƙara Larabci a jerin harsunan rubutu, na buɗe shahadar, na matsa wa Malam. Ya zauna ya buga da yatsa ɗaya. Baƙaƙen suka riƙa fitowa daga dama, kowanne yana kama ɗan'uwansa. Kafin wani ya yi magana Iya ta miƙa wa Baba Ilu lemar, ta ture ni gefe, ta ɗora yatsa a kan gilashin. Ta bi shi a hankali, baƙi bayan baƙi.

"Hafsatu... bintu... Muhammadu."

Ta sake bi daga farko. Sannan ta ce, "Ni ce." Ta rangaɗa guɗar da ta tashi tsuntsaye har na gonar maƙwabta, ta kuma fashe da kuka a tsaye. Ni da na zo ina ƙunƙuni sai ga ni ina share ido da hannun riga, ina dariya, ban san wanne nake yi ba.

Kafin mu tashi na kwafe duk kayan faifan na ajiye a cikin kwamfutar, don kada ta sake neman sa. Na juyo na ga Baba Ilu ya miƙo hannu. Alkawari kaya ne, na ba shi, ya mayar da abinsa kan igiya. Muna shigar da na'ura ofis ruwa ya kece. Kafin la'asar sakaliya shahada ashirin da uku sun fito, Malam yana sa hannu yana busawa.

Ranar Litinin na kai rahoto. A gurbin wurin aiki na rubuta gonar gero, a gurbin kayan aiki na rubuta buta da rawani. Alhaji Ɗanlami ya karanta ya cire tabarau, ya ce in zauna in ba shi labarin tun daga farko, ya kuma hana kowa shigowa.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan namu mun fi son hanyar da za ta sallame mu da wuri, kuma kullum muna da hujja mai daɗin faɗi. Da dattijuwar nan ba ta bakin ƙofa, da na buga boko na hau babur ina ganin na yi gwaninta, na bar ta da takardar da ba za ta iya karantawa ba. Saitin da kuke gani ɗan akwati ne a allo, a wurin wani shekara goma sha ɗaya ce. Don haka in an tura ku gyara, kafin ku ce ga mafita mai sauƙi, ku leƙa waje ku ga wa ke zaune yana jiran takardar, ku tambaye shi ko mafitar ta yi masa.