Datti Mai Salansa da Sikelinsa na Shinkafa

Idan ka bi ta Kura da sassafe, ka wuce injinan casar shinkafa, za ka ga wata rumfar kwano da ta ɗan karkace gefe guda. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum bayan asuba Datti yake jingine kekensa a jikin wannan rumfa. Ya sha kokonsa a tsaye, ya share ƙasa, ya duba tukunyar gas ɗin walda, sannan ya ɗauki tsumma ya goge wani tsohon sikeli da masu injin shinkafa suka yar ya tsince. Daga nan sai ya zauna ya juya wa titi baya. Baƙo zai ɗauka fushi yake da gari. Ba fushi ba ne, aiki ya fara, domin shi da kunne yake duba mota.

Usaini mai shayi, wanda teburinsa ke maƙwabtaka da rumfar, ya sha ba ni labari. Mota za ta wuce, Datti ko waigawa bai yi ba zai ce, "Wannan a-kori-kurar 'yan Garun Mallam ce, tukunyar salansarta ta huje ta hagu. Jibi za su zo." Jibi kuwa sai ga su.

Ranar Juma'ar da ta wuce Datti ya ajiye aiki, saboda wutar walda ta ci masa ido. Ba a yi taro ba, ba wanda ya ba shi ko da hula. Abin ya ɓata min rai ƙwarai, shi ya sa na ɗauki biro. Kuma tunda zan yabe shi, dole in tona wa kaina asiri, don babban aikin da na san ya yi, a kan wautata ya yi shi.

Da farko sai kun san ɗabi'arsa. Datti ba ya taɓa salansa sai ya ɗora ta a sikeli. In direba ya zo yana cewa a rage wa motarsa nauyi, to bayan an auna salansar, shi ma direban sai ya hau. Mutane suna dariya, wasu su yi fushi. Ni ina cikin waɗanda suka yi fushi.

Sunana Abdulsamad, ina koyarwa a firamare, ina kuma noman rani a bakin kanal ɗin ban ruwa tsakanin Kura da Bunkure. Ina da tsohuwar a-kori-kura da nake ɗebe kayan gona da ita. A ranin 2004 tumatir ya nuna mana gaba ɗaya a mako guda. Na ce "mana" domin rabin gonar na Adama ne, matar yayana marigayi, wadda ya bar wa 'ya'ya huɗu. Ita da yaranta suka yi dashe, suka yi ban ruwa wata uku. Abincinsu na shekara yana cikin wannan tumatir.

Muka yi kirdado, zai yi kwando ashirin da shida: sha uku nawa, sha uku nata. Motata kuwa ashirin da huɗu take ɗauka ta iya hawa gaɓar kanal ta fita titi. Tirelar da ke kai kaya kudu tana tashi daga kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan kafin azahar, kuma sawu biyu ba zai yiwu ba. Wanda duk ya noma tumatir ya san sauran zancen. In ya kwana a kwando cikin zafin nan, washegari sai dai a yayyanka a shanya a bakin titi ya zama kauɗa, wahalar wata uku ta tashi a banza.

Ana nan sai ga Bilya, ƙanin matata. Ya yi wata shida a wani garejin birni, ya dawo da baƙin gilashi da tumbi, ya naɗa kansa manajan motata. Duk inda za ta yana gidan gaba, wai shi ne mai iya magana da dillalai.

Ya ce, "Yaya, matsalarka nauyi ce. Motocin tsere ka taɓa ganinsu da wannan ƙatuwar tukunya a ƙasa? Cire ta ake yi, a sa bututu mai faɗi marar nauyi. Hayaƙi ya fita fes, mota ta tashi sama."

Ni da nake koya wa yara lissafi, wallahi na yarda. Muka cire safaya taya, muka cire bamba, muka kwance murfin baya. Ana gobe tsinka, muka nufi rumfar Datti.

Ya saurare mu har ƙarshe. Ya shiga ƙarƙashin mota, ya kwance salansar, ya ɗora a sikeli.

Ya ce, "Kilo sha uku. Malam, kwando ɗaya na tumatir kilo nawa ne?"

Na ce, "Wajen hamsin."

"To ko na jefar da ita gaba ɗaya, rubu'in kwando ka samu. Kai kuma biyu kake nema." Ya juya wajen Bilya. "Samari, bismilla, hau."

Bilya ya ce, "Baba, ni buhun shinkafa ne?"

"In buhu ne kai da an huta, shi ba ya ba da shawara. Hau."

Masu shan shayi suka taso. Bilya ya hau yana hura hanci. Datti ya matsa da fuskarsa dab da sikelin, ya karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Casa'in da shida! Malam, ga kwandonka biyu nan tsaye da gilashi. Gobe ka bar shi a gida."

Usaini sai da ya ƙware da shayi. Datti bai yi dariya ba, ya ci gaba da yi min bayani a natse. Ya ce inji irin nawa an yi shi ne da numfashi daidai ƙirjinsa. In bututu ya yi faɗi da yawa, ƙara za ta ƙaru, amma ƙarfin da mota ke ja da shi a giya ɗaya, wanda shi nake bukata a hawan kanal, zai ragu. Ƙarfe marar kauri kuma ba ya jure zafi da duka. Ya ce, "Kowane kilo da za ka cire a mota, ka fara tambayarsa aikin da yake yi. Wannan sha ukun aiki suke. Wancan casa'in da shidan ban san nasu ba."

Bilya ya kumbura, ni ma na taya shi. Na ce wa Datti, a gaban jama'a, zamani ya wuce shi, ya tsaya gyaran amalanke. Har yau in na tuna wannan magana sai in ji kunya ta rufe ni. Datti ya koma ƙarƙashin motar. Ya mayar min da salansata ya ɗaure, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Muka tafi wajen wani mai walda a bayan tasha, wanda ba zan faɗi sunansa ba don yana da iyali. Shi bai tambayi komai ba, ya yanke salansar ya wurga cikin tarin ƙarafa. Da aka zo neman bututu marar nauyi, sai Bilya ya kawo dabarar da sai ɗan fadama zai yi ta: bututun alminiyon na injin ban ruwana. Faɗi ga shi, nauyi babu. Walda ta ƙi kama shi, aka ɗaure da waya. Bilya ya ɗaga shi da yatsa biyu kafin a sa, yana cewa, "Yaya, ka ji fa! Kamar kara."

Da safe na tayar da mota. Jama'a! Kajin unguwa suka watse, matata ta fito da salati, wani maƙwabci ya leƙo ta katanga yana tambaya ko jirgi ne ya faɗo. Bilya yana gidan gaba yana ihu a kunnena, "Ka ji ƙarfi!" Muka wuce rumfar Datti, na ƙara taka totur don ya ji. Ko motsi bai yi ba. A hanyar gona shanun wani Bafulatani suka yanke suka faɗa cikin albasar mutane, ya bi mu da sanda yana faɗin abin da ba zan rubuta ba.

Adama da yaranta tun duku-duku suke tsinka. Wajen ƙarfe goma aka gama lodi, kwando ashirin da shida cif, an ɗaure da igiya. Ta dubi motar, ta dube ni, ta ce, "Malam, anya lafiyarta ƙalau kuwa?"

Bilya ya amsa mata, "Sabon zamani ne, Yaya Adama."

Na sa giya ɗaya, na nufi gaɓar kanal. Mota ta yi ruri kamar za ta tsaga ƙasa, amma tafiyar ba ta fi ta jaki mai ciki ba. Muna tsakiyar hawa ta fara ja da baya. Na ƙara wuta, ta yi tsalle, bayanta ya daki tudu. Bututun nan da zafi ya riga ya tausasa ya lotse, bakinsa ya manne. Inji ya yi tari sau biyu ya mutu.

Na yi ta murza makulli a banza. Rana ta take, ruwan tumatir ya fara ɗiga ta ƙasan kwandunan da ke ƙasa. Adama ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta cire mayafinta ta rufa wa kwandunan sama, ta koma gefe ta zauna a kan kunyar gona, ƙaramar 'yarta Kubra ta raɓe a jikinta. Da ta zage ni da na fi jin daɗi. Tsoro ya kama ni sosai, na ga abincin marayun yayana zai ruɓe a hannuna saboda girman kai.

Sai muka ji ƙararrawar keke. Datti ne a kan gaɓa, gumi ya jiƙa masa riga, ya ɗauro wani dogon abu a baya cikin buhu. Ya sauka, ya gaida Adama, ni ko kallona bai yi ba. Ya kwance buhun, sai ga salansata.

Ashe jiya da yamma ya je bayan tasha ya tsinto ta. Ya farke tukunyar, ya kankare, ya liƙe, ya lanƙwasa wuyanta yadda za ta ɗan ɗaga sama ta daina dukan tudu. Da safe da ya ji mun wuce, ya ce wa Usaini, "Wannan ba za ta hau kanal ba," ya ɗaura ta a keke ya biyo mu.

Ya kwanta a ƙasa mai zafi, ya kwance wayar da filaya, ya jawo bututun alminiyon ya miƙa wa Bilya. "Riƙe motar tserenka." Ya haɗa bakin da aka yanke da wani guntun ƙarfe da ya zo da shi, ya matse da noti. Daga ƙarƙashin motar yake magana: "Malam, yanzu kilo tara ce. Huɗun da suka tafi laka ce da toka, shekara uku kana yi musu dako kyauta. Irin nauyin da ake cirewa ke nan."

Ya fito ya karkaɗe riga. Na murza makulli, mota ta tashi da muryarta ta da. Bilya ya buɗe ƙofa zai shiga.

Datti ya ce, "Ina zuwa?"

"Dillalai fa, Baba."

"Koma baya ka tura. In ta hau, ga kekena nan, ka kai min shi rumfa."

Motar nan ta hau gaɓa a hankali, ba gardama, Bilya yana bayanta yana nishi. Datti ya ce Adama ta shiga gidan gaba ta sayar da kayanta da bakinta, ita ba ta kai rabin Bilya nauyi ba. Datti kuwa ya ƙi shiga, ya ce shi ma kilo sittin ne, a ƙafa zai koma. Muka isa Kwanar Gafan ana shirin ja wa tirela tamfol. Aka ɗora kwandunan Adama, sannan nawa, ba a bar ko ɗaya ba.

Washegari na je ba shi haƙuri. Na ce, "Baba Datti, bayan abin da na faɗa maka, me ya sa ka zo?"

Yana goge sikelinsa ya ce, "Ba don kai na zo ba, Malam. Da naka ne kaɗai da na bar ka ka yi kauɗa, ka koyi lissafi. Yayanka abokina ne. Na san sha uku na Adama ne."

Datti mai salansa, mai kunnen da ba ya kuskure. Kai ne ka ƙi yi mana aikin da muke so, ka yi mana wanda muke bukata. Kai ne aka ci wa mutunci da rana, da yamma ka je kana tonon tarin ƙarafa saboda marayu. Direbobi nawa ka hana su yanke abin da ke riƙe da motarsu, ba wanda ya ƙirga. Na gode, Adama ta gode. Allah ya ba idonka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma masu walda da makanikai da ke tasowa daga Kura har Bunkure, ku yi koyi da shi. Ku auna kafin ku yanke, ku kuma iya ce wa mai mota a'a ko da zai yi fushi.

Jiya na je gaishe shi a gida, a cikin motar nan dai. Ina tsayawa na tarar da shi zaune a ƙofar gida, idonsa ɗaure da ƙyalle saboda maganin da aka ɗiga masa. Kafin in yi sallama ya ce, "Malam Abdulsamad ne. Salansar nan tana nan ƙalau." Ya karkata kai ya ƙara saurare. "Amma motar ta nutse ta dama. Bilya, sauko mu gaisa."