Injin da Danladi Yake Kifewa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Danladi. Rumfa ɗaya muka zauna da shi a Makera muna gyaran janareta. Ni ban cika magana ba, shi kuwa bakinsa ba ya hutawa. Na ga abubuwa a garin nan, na binne mutane da yawa, amma shi kaɗai ne idan na tuna dariya take zo mini.

Danladi jirgin sama yake ƙerawa, irin wanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa. Ba ƙarami ba. Fiffikensa ya fi tsawon mutum. Da ya gama na farko, ni na zaɓa masa inji. Na ciro na wani ƙaramin janareta da na yarda da shi, wanda bai taɓa ba ni kunya ba. Muka kai fili bayan Mahuta. Jirgi ya ruga, ya ɗaga da ƙyar, ya karkata zai juyo, inji ya yi tsit. A gonar masara muka tsinto shi gutsu-gutsu.

Na zaci zai yi fushi. Sai ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye.

"Malam Sani, injinka mutumin kirki ne, amma a zaune!"

Gaskiyarsa. Kafiretar janareta ba ta ba da mai sai tana daidai. Mu kuma duk rayuwarmu inji a ƙasa muka san shi. Daga ranar Danladi ya koma Kakuri wurin masu injin yankan katako, don shi wannan ko ta ina aka juya shi yana aiki. Sai ya ɗaure inji a falanki, ya tayar, ya kife shi kai ƙasa yana saurare. Wanda ya yi tari, ya ajiye. Masu shago suna cewa ya zautu.

Ya gama jirgi na biyu, ciwo ya kwantar da shi. Bai samu ya tashi jirgin ba.

Watan jiya matarsa, Maman Rifkatu, ta kira ni. Za ta koma Narayi, ɗakin can ƙarami ne. Ta ce, "Malam, in abin nan zai tashi, a tashe shi mu gani. In ba zai tashi ba, masu gwangwan su ɗauka."

Na duba. Injinsa ya yi tsatsa, ya ƙafe.

Yanzu zamani ya sauya. A waya ake nuna maka inji mai ƙyalli, a ce na jirgi ne takanas. Da Danladi na nan zai so shi, na sani, zai yi ta shafa shi. Amma ba zai yarda da hoto ba. Ni ma ban yarda ba. Inji uku na ɗaure a falanki. Mai ƙyallin ya mutu tun ban gama juya shi ba. Na biyu ya yi nauyi. Na uku tsohon injin katako ne, na sauya masa filogi, na kife shi har hannuna ya gaji, bai ko yi tari ba. Shi na ɗaura wa jirgin.

Ranar Asabar muka koma filin. 'Yarsa Rifkatu, wadda yanzu nas ce, ita ta riƙe rimot, don ubanta ya koya mata.

"Baba Sani, in ya faɗi fa?"

"Ki karkata shi kawai."

Ta karkata. Inji bai sauya murya ba. Jirgi ya kewaya sau uku a kanmu, masu noma suka bar fartanya suna ihu. Wurin sauka taya ɗaya ta karye. Wannan aikin rabin yini ne.

Danladi bai bar gida ba, bai bar mota ba. Ya bar hannu mai kyau a jikin katako, da 'yar da ba ta rawar hannu, da tsoho ɗaya da ya koyi gwada abu kafin ya yabe shi.

Maman Rifkatu ta share ido da bakin zane, ta auna fiffiken da hannunta.

"Malam, ka zo da guduma. Tagar ɗakin Narayi za mu cire, jirgin ya shiga."