Idon Mai Agogo

Shekara talatin da huɗu Mai Agogo ya yi yana gyaran agogo a rumfa ɗaya, ƙarƙashin matakalar wani bene, kuma duk da ido ɗaya ya yi su. Na hagu ya mutu tun yana yaro. Na daman yake cusa wa ɗan madubin ƙara girma, ya matse shi tsakanin gira da kunci, hannayensa biyu su sami sakewa.

Da yanar ido ta rufe na daman, aka yi masa aiki, aka dasa masa ɗan gilashi a ciki. Likita ta ce ya huta sati shida. Kwana tara ya iya. Ran na goma ya matse madubinsa kamar kullum, ya sunkuya. Kafin sati ya zagayo, duk agogon da ya ɗauka sai ya ga biyu.

"Baba, me ka ɗora wa idon nan?" likita ta tambaya da ya koma asibiti.

"Ba komai, 'yata."

Auta, 'yarsa da ta rako shi, ta buɗe jaka ta ciro madubin ta ajiye a tebur. "Ga ba komai ɗin."

"Ke dai bakinki ba ya ajiya."

Likita ba ta yi dariya ba. Gilashin ya goce, in ji ta, gefe ɗaya kawai ke riƙe da shi. Za ta ɗago shi ta ɗinke shi a mazauninsa. In kuwa ya sulale can bayan ido, aikin ya zama wani, kuma ba ta yi alkawarin komai ba.

Ranar aikin, idon kaɗai aka kashe wa zafi, yana jin komai. An rufe masa fuska da ƙyalle, ƙarfe na taɓa ƙarfe kusa da kunnensa.

"Yanzu zan kamo shi. Kada ka motsa, Baba."

A daidai nan tari ya taso masa. Ya ji shi yana hawowa, yana sosa maƙogwaro. Sai ya yi abin da yake yi in zai zaunar da kusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba: ya saki rabin numfashi, ya riƙe rabi, ya manne harshe a ganɗa. Zufa ta gangara masa cikin kunne. Ya ƙirga arba'in da ɗaya.

"Na kama shi," ta ce, ba da shi take ba.

Washegari aka ɗaye bandejin. Hazo, sai haske, sai agogon da ke wuyan hannun likita dab da fuskarsa.

"Hannun sakan nawa ka gani?"

Ya ƙura wa agogon ido. Auta ta damƙe ƙarfen gado.

"Ɗaya," ya ce. "Amma yana tsallake biyu-biyu. Batirinki ya kusa ƙarewa, 'yata."

Ya miƙa wa Auta tafin hannu don ta ba shi madubinsa, ko kallonta bai yi ba. Ta dubi hannun, ta zuge jakarta ta rufe da madubin a ciki, ta saɓa ta a kafaɗa.