Tsohon Gem Ɗina da Mai Sayen Gwangwan

Gaskiya wasannin wayar zamani sun yi! Ga kyau kamar fim, ga shan data kamar raƙumi.

Jiya na dawo gidanmu a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, na tarar ƙanena Nura yana miƙa wa mai sayen gwangwan tsohuwar na'urar gem ɗina, har da kaset ɗin wasan wani jarumi mai takobi.

"Haba Yaya, wa ke buga wannan? Jarumin ma kamar kwalin ashana."

Na fizge, na hure kaset, na jona.

"Zauna. Kashe dodon farko, sai ka sayar."

Har la'asar dodo na tumurmusa Nura, yana ta "bari in sake, Yaya." Mai gwangwan ya gaji, ya tura kurarsa.

To, cikin na wayarku, wanne zai tsufa har a yi faɗa a kansa?