Malam Lawali da saƙon da ba ya cire takalmi

Malam Lawali ya rasu.

Da safen nan ƙaninsa ya kira ni, ko karyawa ban yi ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye wayar na zauna a bakin gado.

Yawancinku ba ku san shi ba. Waɗanda suka san shi a Gusau kuma, abin da suka sani shi ne dattijon nan mai gyaran firinta a ɗan shago kusa da tasha. Ni na san shi tun yana da ƙarfinsa, don haka ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan.

Ƙarshen shekarun casa'in ne, ba a daɗe da ba mu jiha ba. Ina aikin ofis a wani kamfanin sayen hatsi da auduga, babban ofis a Gusau, reshe ɗaya a Tsafe, ɗaya a Bungudu. Mai kamfanin, wanda dukkanmu muke kira Alhaji, ya je Legas ya ga ofisoshi da kwamfuta, ya dawo ya ce shi ma sai an sa masa.

Aka ce ai akwai wani ɗan Nahuce da ke wannan aiki a Kaduna, yana zagaya kamfanoni yana ba su shawara, yana haɗa musu na'urori. Shi ne Lawali.

Aka kira shi, ya zo. Ba zuwa kawai ya yi ba, ajiye aikinsa na Kaduna ya yi, ya kwaso matarsa da 'ya'yansa ya dawo gida. Lissafinsa shi ne, idan abin ya karɓu a wurinmu, sauran kamfanoni da sababbin ofisoshin jiha za su neme shi, ya zauna kusa da mahaifiyarsa yana aikin da ya iya. Duk rayuwarsa ya ɗora a kan mu yarda mu yi amfani da abin da ya kawo.

Abin da ya kawo kuwa manhaja ce da ke haɗa ofisoshin uku ta layin tarho. Ka rubuta saƙo a Tsafe, ya bayyana a Gusau. Takarda ɗaya kowa ya gani, kowa ya gyara. Yau ko jikana ba zai ɗaga kai ya kalli wannan ba, amma a lokacin kamar tsafi muka ɗauke shi.

Ni aka haɗa shi da ni, in riƙa shigar da shi wurin mutane. Sa'annin juna ne, nan da nan muka saba. Ina ce masa Baturen Nahuce, shi kuma yana ce min Sarkin Gardama.

Ban taɓa ganin mai haƙurin koyarwa irinsa ba.

Ranar farko wani dattijon akawu ya ɗaga linzamin kwamfuta sama yana nuna allo da shi, ɗakin ya ɗauki dariya. Lawali bai ko murmusa ba. Ya ce shi ma haka ya yi ranar da ya fara, ya kama hannun dattijon ya sauko da shi kan tebur a hankali. Na san ƙarya ya yi don ya rufa wa mutumin asiri, kuma daga ranar na ji ina ƙaunarsa.

In mun dawo daga Bungudu sai ya tsaya ya sayo rake, ya raba wa masu gadi da direbobi. Da matata ta kwanta asibiti, shi ya riƙa kai abinci a babur ɗinsa, uwargidansa na dafawa, har aka sallame ta. Bai taɓa tayar da maganar ba bayan nan.

Amma mu fa mun ba shi wahala, Allah ya gani.

Ana zuwa horon da yake bayarwa, a sha lemo, a gyaɗa kai, a koma ofis a lulluɓe kwamfuta da ƙyalle mai ado don kada ƙura ta taɓa ta. Wasu su rubuta saƙon, su buga shi a takarda, su sa a ambulan, su ba direba ya kai. Manajan Bungudu shi ya fi ba ni dariya. Zai tura saƙo, sannan ya hau babur ya zo Gusau ya tambaya ko ya iso, ya zauna ya gaisa da kowa, ya sake faɗin abin da ke ciki da baki.

Lawali ya tambaye ni me ke damun mutanen nan. Na ce masa ba tsoron na'ura ba ne. A wurinmu ƙarami ba ya aika wa babba magana. Takowa yake yi, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa, ya tambayi iyali da gajiya, sai an ce masa me ke tafe da kai sannan ya buɗe baki. Saƙon kwamfuta ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Kwana biyu bayan haka ya gyara manhajar, duk saƙon da ka buɗe za ka tarar da gaisuwa a samansa an riga an rubuta: sallama, ranka ya daɗe, ya iyali, ya aiki. Ya zo yana murna kamar wanda ya tsinci rago. Na ce masa ya yi ƙoƙari, amma gaisuwar da ba a tako ba, ba a lissafa ta.

Mutum ɗaya ne ya karɓi abin da zuciya ɗaya, Malam Ɗahiru, manajan Tsafe. Shi hanya ta ishe shi, kullum yana cikin mota tsakanin Tsafe da Gusau don maganar da ba ta wuce jimla biyu ba. Ya koya, ya iya, har ya fara koya wa na ƙasa da shi. Lawali in yana maganarsa har fuskarsa haske take yi.

Sai damina ta faɗi.

Wata safiya na buɗe kwamfuta na ga saƙo daga Tsafe. Iska ta yaye rufin sito, ruwa ya shiga, hadari kuma na sake haɗuwa, a turo tamfol da mota da ma'aikata yanzu. Saboda sauri Malam Ɗahiru har gaisuwar da ke sama ya goge, ya rubuta abin da ke gabansa kawai.

Alhaji ba ya taɓa kwamfuta, ni nake karanta masa. Na shiga na gaishe shi, na karanta. Ya sa na maimaita. Sannan ya ce, "Ɗahiru ba shi da ƙahwa ne? Ni za a aiko ma umarni cikin akwati, ko sallama babu? In maganar ta kai magana, shi taho shi hwaɗa mani."

Na roƙe shi. Lawali ya shigo ya durƙusa ya roƙe shi, ya ce laifin nasa ne, shi ya koya wa mutumin cewa in abu na gaggawa ne a taƙaita. Alhaji ya ce ba motar da za ta motsa. Muka koma mu sanar da Tsafe, layin tarho ya ɗauke saboda ruwan. Malam Ɗahiru kuwa yana can gaban kwamfuta yana jiran amsa, ya sakankance mota na hanya, don ya yarda da abin da aka koya masa.

Lawali ya hau babur cikin yayyafi ya nufi Tsafe. Kafin ya ɗauko Malam Ɗahiru su dawo, a gaisa, a ba da haƙuri, a loda tamfol, ruwa na biyu ya sauka. Hatsin da ke siton nan rabinsa bai ƙara amfanuwa ba.

Ba wanda ya ce Alhaji ya yi kuskure. Wa zai faɗa? Aka ce na'ura ce ta koya wa Ɗahiru raini. Aka sauke shi daga manaja aka mayar da shi kan sikelin awon hatsi. Washegari duk kwamfutocin kamfanin suna lulluɓe, kuma ba wanda ya ƙara ɗaga ƙyallen.

Labari a Gusau ba ya kwana. Duk ofishin da Lawali ya shiga bayan nan, an riga shi isa. A karɓe shi da fara'a, a ba shi ruwa, a ce za a neme shi. Ba a taɓa nemansa ba. Ya koma Kaduna, ya tarar an ba wani gurbinsa, ya dawo. Daga nan sai buga wa mutane takardu, sai gyaran firinta, a haka gashinsa ya yi fari.

Abin da ke ci min rai shi ne, yau kowa a garin nan da saƙon waya yake aiki. Manyan da suka ce raini ne, su ne ke kwana suna tura murya a guruf. Ba wanda ya taɓa tsayawa a shagon nan ya ce, Malam, ashe kai ka riga mu gani. Wallahi ina jin haushinmu, har da ni da nake rubutun nan.

Makon jiya na je duba shi a Nahuce, don ciwo ya mayar da shi gida. Na same shi a zaure kan tabarma, ya rame sosai, amma da ya gan ni sai ya ce ga Sarkin Gardama ya iso. Na so in faranta masa rai, na ce to Baturen Nahuce, duniya dai ta dawo kan maganarka.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Umaru, ba gaskiya nika nema ba. Aiki nika nema, tun ina da ƙarhin yin shi."

Sannan ya gaya min abin da ke ransa. Ya ji cewa 'ya'yan Alhaji, waɗanda suka gaji kamfanin bayan rasuwarsa, za su haɗa rassansu da sabuwar manhaja. Ya ce bai tsaya ba, yana karanta labarin manhajojin zamani a wayarsa, ya san abin da zai hana ma'aikata karɓa da abin da zai sa su karɓa, don ba wanda ya sha wuyar wannan kamarsa. Ko kujera ce a ba shi a gefe, ya ga abin ya tashi sau ɗaya a wurin da ya faɗi. Ya roƙe ni in kai sunansa.

Na ciro waya na ce bari in tura wa babban ɗan saƙo yanzu, ina da lambarsa.

Ya kama hannuna. Ya ce, "A'a. Ka tahi da ƙahwarka. Ka cire takalmi, ka gaishe su da kyau."

Shi fa ya faɗi haka. Na juya fuskata don kada ya ga idona.

Jiya na je. Na tako, na cire takalmi, na gaida yaron da aka haifa ina aiki a kamfanin ubansa. Ya saurare ni da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce sun riga sun ba wasu mutanen Abuja aikin. Sannan ya tambaye ni, wane Lawali ne wannan, ya taɓa aiki da su ne?

Ban iya kiran Lawali a waya na gaya masa ba. Na ce gobe in je da kaina, in nemi yadda zan sassauta maganar a hanya. Ƙaninsa ya ce min ko jiya da magariba sai da ya tambaya ko Umaru ya zo.

Ya rasu yana jiran amsa, amsar kuma a'a ce.

Ya Allah, bawanka Lawali ya zo gare ka. Mu ba mu san darajarsa ba, Kai ka sani. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka karɓi haƙurin da ya yi da mu a matsayin ibada, ka ba shi Aljanna Firdausi. Ka dubi matarsa da 'ya'yansa, ka zama gatansu.

Za a yi jana'izarsa bayan azahar a Nahuce. Wanda ke kusa ya daure ya zo. Wanda ke nesa, don Allah kada ka danna alama kawai ka wuce. Ka ajiye wayar, ka ɗaga hannu, ka ambaci sunansa, Lawali, ka roƙa masa rahama.