Kalma Ɗaya ta Ozella

Ozella Crume a gonar auduga ta tashi, a cocin katako na ƙauyensu a jihar Mississippi ta Amurka ta koyi waƙa. Mahaifinta Hosea dattijon coci ne, mai rowar yabo. In mawaƙi ya taɓo masa zuciya, yakan doka ƙafa a daben katako sau uku, shi ke nan. Tun Ozella tana 'yar shekara tara take samun ukun nan.

Da ta kai ashirin ta hau mota sai birnin Memphis. Can ta ɗauki waƙar cocinsu, "Riƙe ni, Ubangiji", ta cire Ubangiji ta sa "masoyi". Kalma ɗaya tak. Faifan ya karaɗe ƙasa, ta zama uwa a salon waƙar baƙaƙen Amurka da ake kira soul, har yau masu tasowa jan muryarta suke kwaikwayo. Ƙauye ya cika da alfahari, wanda bai taɓa gaisawa da ita ba ma ya zama ɗan'uwanta.

Ban da Hosea. Cewa ya yi, "Ta kwashi kayan Allah ta kai kasuwar Shaiɗan." Shekara ashirin da biyu rediyo bai ƙara magana a gidansa ba. Abin ya ci mata rai ƙwarai, don tafin dubban mutane bai kai mata dokawar nan uku ba.

Ranar taron shekara na coci, da 'yan birni ke komowa a ci soyayyar kaza a gindin itatuwa, sai ga ta. Fasto ya roƙe ta waƙa. Ta ɗauko ta asali, da Ubangijinta. Baiti biyu lafiya lau. A na uku waƙa ta ɗebe ta, ta rufe ido, baki kuwa ya bi abin da ya saba: "Riƙe ni, masoyi."

Mai piyano ya ɗauke hannu. Mafitan mata suka tsaya cak.

"To fa," in ji wata tsohuwa, "yau ga Memphis har gaban bagaden coci."

Ozella ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Hosea, da tsufa ya riga ya cinye masa ƙafafu, ya ɗaga sandarsa ya doka a dabe. Ɗaya, biyu, uku.

"Ci gaba, 'yar nan," ya ce. "Ai Ya san da Shi kike."

Ta ci gaba tana hawaye, ba ta gyara kalmar ba.